Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin Makarantun Koyon Kasuwanci

Zuwa ga shugabannin makarantun koyon harkar kasuwanci, da malamansu, da jami'an ofisoshin da ke nema wa ɗalibai aiki.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ranku ya daɗe.

Na rubuto muku ne a kan ɗalibanku masu shirin kammala karatu, musamman waɗanda suka sa rai da samun aiki a kamfanonin da ke ba wa wasu kamfanoni shawara kan yadda za su tafiyar da harkokinsu. Na yi shekaru a wannan sana'a. Na zauna a kujerar mai neman aiki, daga baya na koma kujerar mai yi wa masu nema tambayoyi. Na ga shekarun da kwangila ta yi mana yawa har muna mayar da wasu, na kuma ga shekarun da muke zaune a ofis muna kallon juna. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, duk lokacin da kasuwa ta ja baya, matasan da ke zuwa wurina neman shawara suna zuwa ne cikin ɗimuwa, kamar wanda ruwan sama ya doka bai ga haɗuwar hadari ba. Alhali kuwa hadarin a fili yake haɗuwa, kuma ku da kuka riƙe su shekara biyu ko huɗu kun fi kowa damar nuna musu shi.

Roƙona gare ku guda ɗaya ne. Ku gaya musu yadda wannan sana'a take samun kuɗinta, da abin da ke samun sabon ɗauka idan kuɗin ya ragu, tun kafin su ɗora rayuwarsu a kanta.

Bari in faɗi abin da nake so a ce ana koyarwa tun zangon farko. Kamfanin ba da shawara ba shi da masana'anta, ba shi da kaya a sito. Abin da yake sayarwa shi ne lokacin ma'aikatansa, kuma babban abin da yake kashewa shi ne albashinsu. Tsarinsa kamar dalar gyaɗa yake. A can sama akwai manya 'yan kaɗan, su ne masu kamfanin, su ke nemo kwangila. A tsakiya akwai manajoji masu jan ragamar kowane aiki. A ƙasa kuma akwai taron matasa, su ke tattara alƙaluma, su yi hira da ma'aikatan kwastoma, su kwana a kan Excel da PowerPoint. Ribar manyan tana fitowa ne daga ratar da ke tsakanin abin da ake cajin kwastoma a kan aikin matashi da abin da ake biyan matashin. Saboda haka ma'aunin da kowane kamfani ke sa wa ido shi ne, cikin awannin da ma'aikaci ke da su, nawa ne aka iya sayarwa. Wanda ba shi da aikin da ake biya a kansa, ana cewa yana zaman benci. Mako ɗaya ko biyu a benci hutu ne. Idan ya kai wata uku, sunan mutum ya shiga takardar da babu wanda yake so ya gan shi a ciki.

To idan tattalin arziki ya karaya, shugaban kamfanin da ke ɗaukar masu ba da shawara yana duba abin da zai iya ɗagewa ba tare da ya rufe ƙofa ba. Albashi dole ne, haya dole ce, biyan bashin banki dole ne. Nazarin shiga sabuwar kasuwa a shekara biyar masu zuwa kuwa zai iya jira. Shi ya sa kwangilolin faɗaɗa kasuwanci su ne na farko da ake dakatarwa, kuma su ne irin aikin da ɗalibanku suka fi mafarkinsa.

Akwai wani abu na biyu da ba kasafai ake faɗa ba, kuma a ganina ya fi na farkon muni ga mai neman shiga. Manyan kamfanonin nan suna tafiya ne a kan ƙa'idar ko ka hau sama ko ka fita. Kowace shekara suna lissafin cewa mutane da dama za su tafi da kansu, wani ya koma banki, wani kamfanin fasaha ya ɗauke shi, wani ya buɗe nasa. Kujerun da suka bari su ne sababbi ke hawa. Amma idan kasuwa ta mutu, babu mai motsi. Wanda ya yi niyyar tafiya ya fasa, domin waje ma babu. Sai ka ga kwangila ta ragu, ma'aikata kuma ba su ragu ba, benci ya cika. Ga shi kuma kamfanonin sukan ba da takardar ɗauka kusan shekara guda kafin ranar fara aiki, wato suna ɗaukar mutum ne saboda kasuwar da ba su riga sun gani ba. Idan lissafin ya kuskure, mafi sauƙin gyara shi ne a taɓa wanda bai riga ya shigo ba. Ba shi da abokai a ciki, ba shi da manajan da zai tsaya masa, ba a kuma biyan shi kuɗin sallama.

Na san dangantakarku da waɗannan kamfanoni ba ta yau ba ce. An kafa McKinsey a 1926, kuma a zamanin shugabansa Marvin Bower, a shekarun 1950, kamfanin ya fara ɗaukar matasa kai tsaye daga makarantar kasuwanci ta Harvard maimakon jiran tsofaffin hannu da suka daɗe a masana'antu. Da Bruce Henderson ya kafa Boston Consulting Group a 1963, da kuma Bill Bain ya fita daga cikinsa ya kafa Bain a 1973, duk wannan hanya suka bi. Tun daga nan ɓangarorin biyu suke cin moriyar juna. Kamfani yana samun waɗanda kuka riga kuka tace masa, ku kuma kuna samun sunan da za ku rubuta a takardun tallarku. Jerin gwanayen makarantu da jaridar Financial Times ke fitarwa yana ba albashin tsofaffin ɗalibai nauyi sosai, kuma aikin shawara yana cikin masu ɗaga wannan alƙalami. Ban ce wannan laifi ba ne. Abin da nake cewa shi ne kuna da dalilin son ɗalibanku su bi wannan hanya, don haka nauyin faɗin gaskiya a kanta ya fi hawa kanku fiye da kowa.

Kuma ba sai an je nesa neman misali ba. Bayan tsoron farko na annobar korona a 2020, aikin shawara ya bunƙasa ƙwarai a 2021 da 2022. Kuɗin ruwa yana ƙasa, kamfanoni suna sayen juna, kowa yana son a mayar masa da harkarsa kan intanet. Aka ɗebi ma'aikata kamar ba gobe. Sai Babban Bankin Amurka ya fara ƙara kuɗin ruwa a watan Maris na 2022 daga kusan sifili, zuwa Yulin 2023 ya haura kashi 5 cikin ɗari. Sayen kamfani da bashi ya yi tsada, cinikin ya ragu, aikin binciken da ake ba masu shawara kafin a saya shi ma ya ragu. A watan Maris na 2023 Accenture ya sanar da cewa zai rage ma'aikata 19,000. McKinsey ya rage kimanin 1,400, yawancinsu masu aikin cikin gida. EY ya rage kusan 3,000 a Amurka, a watan Afrilun da ya watsar da shirinsa na raba sashen binciken asusu da sashen shawara. KPMG da Deloitte su ma sun rage. A wannan shekarar ce McKinsey da Bain suka ɗage wa sababbin ɗauka da dama ranar fara aiki, wasu har zuwa 2024, Bain ma ya yi wa wasu tayin kuɗi su je su yi aiki da ƙungiyoyin agaji ko su koyi wani harshe kafin lokacin. Shekara guda bayan haka, cikin waɗanda suka gama digirin MBA, wato digiri na biyu a harkar kasuwanci, a Harvard a 2024 kuma suke neman aiki, kashi 23 cikin ɗari ba su samu ba bayan wata uku da kammalawa. Idan wannan ya faru a makarantar da kamfanoni ke layi a ƙofarta, ku auna halin ɗalibin makarantar da ba a ma zuwa.

Kafin wannan an yi 2001, lokacin da kumfar kamfanonin intanet ta fashe aka janye takardun ɗauka aka ɗage wasu. An yi 2002, lokacin da kamfanin binciken asusu na Arthur Andersen ya rushe bayan badaƙalar kamfanin makamashi na Enron, dubban ma'aikata suka watse cikin 'yan watanni. An yi 2008, shekarar rikicin kuɗi na duniya. Abu ne da ya dawo sau uku ko huɗu a cikin shekara ashirin da 'yan kai, don haka bai kamata wani ɗalibi ya gama karatun kasuwanci bai san cewa sana'ar da yake nema tana hawa da sauka tare da kasuwa ba.

Ina so in tsaya kaɗan a kan ɗage ranar fara aiki, domin a takarda yana kama da abu mai sauƙi. Ana cewa ai ba a kore shi ba, jinkiri ne kawai. Na san wata yarinya mai ƙwazo da ta samu takardar ɗauka daga wani kamfanin shawara, ta mayar da wani tayin da ke hannunta saboda shi. Aka ɗage mata ranar farawa da wata shida. Ta haƙura, ta ƙi neman wani aiki na dindindin don kada a ce ta saɓa alkawari. Ana saura 'yan makonni aka sake ɗagewa. Bashin karatunta bai ɗage ba, kuɗin haya bai ɗage ba. Abin da ya fi ci mata rai, kamar yadda ta faɗa mini, shi ne ba ta san sunan halin da take ciki ba. Ba za ta ce tana da aiki ba, ba za ta ce ba ta da shi ba. Da ta koma makarantarta neman taimako, sai ta tarar sunanta yana cikin jerin waɗanda suka samu aiki, fayil ɗinta a rufe. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai. A lissafin makarantar ita nasara ce, an riga an ƙirga ta.

Ga ɗalibin da ya fito daga wata ƙasa kuma, jinkirin yana iya zama ƙarshen tafiya gaba ɗaya. A Amurka, alal misali, izinin aikin da ake ba baƙon ɗalibi bayan kammala karatu yana da iyakar kwanakin da zai zauna ba aiki, kwana 90 ne a tsarin farko. Jinkirin wata shida yana cinye wannan har ya wuce. Shi kamfani ya gyara lissafinsa na shekara, shi kuwa yaron yana duban tikitin komawa gida da bashi a wuya.

Wataƙila wani a cikinku ya ce shekara ɗaya ce mara kyau, matashi ne, zai warware. Masana tattalin arziki sun bincika wannan, kuma amsar ba ta da daɗi sosai. Philip Oreopoulos da Till von Wachter da Andrew Heisz sun bi sawun waɗanda suka gama jami'a a Kanada, suka wallafa sakamakon a 2012. Sun gano cewa wanda ya fito a lokacin karayar tattalin arziki yakan fara da albashin da ya gaza na takwarorinsa da kusan kashi 9 cikin ɗari, kuma ratar takan ɗauki kimanin shekara goma kafin ta rufe. Lisa Kahn ta yi irin wannan nazari a kan waɗanda suka gama a Amurka a wajajen shekarun 1980, ta ga tabon yana daɗewa fiye da haka. Amma akwai abu biyu a binciken Kanada da ya kamata ku riƙe. Na farko, waɗanda suka farfaɗo sun farfaɗo ne ta hanyar sauya aiki, suka fara a ƙaramin wuri, suka matsa zuwa mafi kyau a 'yan shekarun farko. Na biyu, waɗanda tun asali suke da ƙarancin gata su ne tabon ya fi zama a jikinsu. Ma'anar wannan a wurina ita ce, shekara biyu zuwa uku bayan kammalawa su ne lokacin da hannunku ya fi amfani, kuma daidai lokacin ne yawancin ofisoshinku ke sakin hannun yaro domin sababbi sun shigo.

Kada a fahimce ni cewa ina kashe wa kowa gwiwa. Ina son wannan sana'a. Ta koya mini yadda ake shiga harkar da ban sani ba in gane kanta cikin makonni, ta koya mini tsayawa gaban wanda ya girme ni in faɗa masa abin da ba ya son ji. Kuma ba gaskiya ba ne cewa aikin shawara yana mutuwa idan kasuwa ta karaya. Wuri yake sauyawa. Da bankin Lehman Brothers ya durƙushe ranar 15 ga Satumba 2008, kamfanin Alvarez & Marsal aka kira ya warware dukiyarsa, aikin da ya ɗauki shekaru. Da General Motors ya shiga kotun karyewa a 2009, AlixPartners yana cikin waɗanda suka yi aikin sake fasalinsa. Waɗannan kamfanoni lokacin wahala ne kakarsu. Su ma manyan da aka fi sani, idan aikin faɗaɗawa ya tsaya, sai aikin rage kashe kuɗi ya taso, da sake duba yadda ake sayen kayan aiki, da gyaran hanyar da kaya ke bi daga masana'anta zuwa hannun mai saye, da bin sababbin dokokin da gwamnatoci ke kafawa bayan kowane rikici.

Sai dai wannan aiki yana neman wani irin hannu, kuma a nan ne nake ganin giɓi a koyarwarku. A irin wannan lokaci tambayar da ake yi ba ta wuce, kuɗin da ke asusu zai kai mu ƙarshen wata? Kayan aikin farko na mai ceton kamfani shi ne jadawalin kuɗin shiga da na fita na mako 13, mako bayan mako, tsabar kuɗi zalla. Wa ke bin mu, yaushe zai matsa? Wa muke bi, yaushe zai biya? Wane kaya ne ya kwanta a sito yana riƙe da kuɗinmu? Wane sharaɗi muka sa wa hannu da banki wanda idan muka karya shi za a nemi a biya bashin gaba ɗaya? Na yi wa matasa da yawa tambayoyin ɗaukar aiki waɗanda za su iya zana maka taswirar gasar kasuwa cikin minti biyar, amma idan ka tambaye su yadda kamfani zai nuna riba a takarda kuma ya kasa biyan albashi, sai su yi shiru. Ba laifinsu ba ne. Sun yi watanni suna atisayen irin tambayoyin da kamfanoni uku ko huɗu ke yi, domin an nuna musu cewa nan ne ƙofa. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma ku ne masu koyar da rawar.

Ina roƙonku ku mayar da darasin tsabar kuɗi da na ceton kamfani mai tangal-tangal cikin darussan dole. Ku kawo akantoci da lauyoyin da suka zauna a ɗakin da ake yanke shawarar wace masana'anta za a rufe, su faɗi abin da suka gani. Ku kuma gaya wa ɗaliban cewa wannan aiki yana da nauyi a zuciya. Layin da ka goge a Excel, a wani gari albashin mutum ne mai iyali. Wanda zai yi wannan aiki ya kamata ya san haka tun yana aji, ya kuma koyi yin sa da tsoron Allah da mutunta mutane.

Akwai kuma batun ƙirƙirarriyar basira, wanda ya zo ya haɗu da matsin kasuwa. A 2023 masu bincike daga Harvard da wasu jami'o'i sun yi gwaji da ma'aikatan Boston Consulting Group su 758. Waɗanda aka ba manhajar ƙirƙirarriyar basira ta GPT-4 sun gama ayyuka da sauri da kusan kashi 25 cikin ɗari, kuma aikinsu ya fi inganci a ayyukan da na'urar ta iya. Amma a wani aiki da aka zaɓa domin ya fi ƙarfinta, masu amfani da ita sun fi yin kuskure fiye da waɗanda suka yi da kansu. Aikin da na'urar ta fi sauƙaƙawa shi ne na ƙasan dala, wato taƙaita takardu, da tattara bayanai, da rubutun farko, aikin da ake ɗaukar ɗalibanku dominsa. Abin da ya rage mai daraja shi ne mutumin da zai duba amsa mai kyan gani ya gane cewa ba daidai ba ce. Wannan kuwa ba ya samuwa sai ga wanda ya san harkar da kanta, ya taɓa ganin yadda ake sayarwa, ko yadda ake sarrafa kaya, ko yadda asibiti ko banki ke tafiya daga ciki.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne a riƙa nuna wa ɗalibi cewa idan bai shiga babban kamfanin shawara daga makaranta ba, ya faɗi. Na yi aiki da mutanen da suka shigo bayan shekara huɗu ko biyar a sashen kuɗi na wani kamfani, ko a harkar sufuri, ko a ma'aikatar gwamnati, kuma kwastomomi sun fi sauraron su, domin sun san warin aikin. Akwai ƙananan kamfanonin shawara da suka ƙware a fanni ɗaya, inda sabon ɗauka yake zama da mai kamfanin a tebur ɗaya ya koyi cikin shekara abin da wani zai koya cikin uku. Akwai sassan tsare-tsare a cikin manyan kamfanoni, waɗanda ke yin irin aikin nan daga ciki. Waɗannan ba su da kuɗin shirya liyafa a harabarku, don haka ɗalibai ba sa ganin su. Aikinku ne ku je ku nemo su, ku ba su wuri a ranar baje kolin ayyuka daidai da wanda kuke ba manya.

Sai maganar alƙaluman da kuke wallafawa. Idan kun ce kashi kaza na ɗalibanku sun samu aiki, ku ware waɗanda suka fara aikin da gaske daga waɗanda ke riƙe da takarda kawai. Ku faɗi mutum nawa aka ɗage wa rana, da tsawon jinkirin, da mutum nawa aka janye wa tayin. Ku nuna alƙaluman shekara goma a jere, masu kyau da marasa kyau, domin wanda zai ci bashi ya shigo wurinku a bana, kasuwar shekara biyu masu zuwa zai tarar, kuma babu wanda ya san ta. Na san makarantar da ta fara yin haka za ta ga kamar ta tona wa kanta asiri a gaban abokan gasa. To ku yi shi tare. Kuna da ƙungiyoyin da kuke haɗuwa a ciki, kuna da ƙa'idojin bayar da rahoton da kuka amince da su, ku ƙara wannan layi ɗaya a ciki.

Kuma kada ku raina ƙarfin da ke hannunku a gaban kamfanonin. Suna buƙatar ku. Ko a shekarar da suka rage ɗauka, ba sa son a rufe musu ƙofar harabarku, domin sun san kasuwa za ta dawo, kuma kamfanin da ya tsallake ɗaukar shekara guda yakan rasa manajoji bayan shekara huɗu. Ku sa sharaɗi a rubuce. Duk kamfanin da zai ɗauki ɗalibi ta hannunku ya bayyana tun farko abin da zai yi idan ya ɗage ranar farawa: iyakar tsawon jinkirin, tallafin da zai bayar a lokacin, da 'yancin ɗalibin ya yi wani aiki ko ya karɓi wani tayin ba tare da an nemi ya mayar da kuɗin da aka ba shi ba. Kuna da dokoki masu tsauri a kan ɗalibin da ya karɓi tayi ya saɓa, har wasunku kan hana shi amfani da ofishin neman aiki. Adalci shi ne kamfanin da ya saɓa shi ma ya san akwai abin da zai biyo baya.

Na ƙarshe, kuma shi ne mafi sauƙin yi, ku bar ƙofar ofishin neman aiki a buɗe ga waɗanda suka gama a shekarar wahala, aƙalla shekara uku. Ku sa wani ya riƙa kiran su bayan wata shida, da bayan shekara, ya tambaye su ko sun fara aikin, ko suna inda suke so, ko suna buƙatar a haɗa su da wani tsohon ɗalibi. Lambobin wayarsu suna hannunku. Waɗanda suka gama a bara kuma har yanzu suke jiran ranar farawa, da su nake roƙon ku fara, a cikin wannan zangon.

Allah ya taimake ku a kan amanar da kuka ɗauka.

Naku cikin girmamawa,
Wani tsohon ma'aikacin kamfanin ba da shawara